Kumfa kaɗai ba hujja ba ce: gwajin kabonet a ɗakin kimiyyar makaranta

Ka tambayi ɗalibin babbar sakandare yadda ake gane kabonet a cikin garin da ba a san ko mene ne ba, kafin ka rufe baki zai ba ka amsa: a ɗiga asid, in ya yi kumfa, kabonet ne. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai rabin zance ce, kuma a ragowar rabin ne maki ke zubewa ranar firaktikal na WAEC da NECO. Abin da hadda ta ɓoye wa yaron shi ne, babu wanda ke ganin kabonet da idonsa a wannan gwaji. Rusa shi ake yi, a kama iskar da ta fita daga cikinsa, a tabbatar da ko wace iska ce, sannan a dawo da baya a ce tunda wannan ce ta fito, to daga wancan ta fito. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan akwai abin da zai iya yaudarar mai gwaji.

Shi kabonet ayon ne, wato ƙwayar sinadari mai ɗauke da cajin lantarki, da ya ƙunshi kabon ɗaya da oksijin uku, ana rubuta shi CO₃²⁻. Ba baƙo ba ne. Shi ne a cikin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar, shi ne a ɓawon ƙwai da katantanwa, yana cikin kanwa, yana cikin ruwan toka. Yawancin gishirinsa ba ya narkewa a ruwa. Na sodiyam da fotasiyam da amoniyam su ne masu narkewa da ɗalibi zai saba haɗuwa da su. Wannan ma bayani ne kyauta tun kafin a taɓa kwalbar asid: in garin ya narke tas a ruwa, kuma daga baya aka tabbatar kabonet ne, to an riga an rage jerin abokan zamansa zuwa uku.

Idan asid ya haɗu da kabonet, abin ba lokaci ɗaya yake faruwa ba, hawa biyu ne. Da farko ayon ɗin haidrojin ɗaya ne ke manne masa, ya mai da shi baikabonet:

CO₃²⁻ + H⁺ → HCO₃⁻

Sai na biyu ya zo sannan ya tarwatse, ya zama ruwa da iskar kabon dayoksaid:

HCO₃⁻ + H⁺ → H₂O + CO₂

Littattafan makaranta kan haɗe su layi ɗaya, amma a kan tebur bambancin yana fitowa. Ka narkar da sodiyam kabonet a ruwa, ka riƙa ɗiga asid ɗis-ɗis kana girgiza kwalbar, za ka ga shiru, babu kumfa, domin asid ɗin farko duk a hawa na ɗaya yake ƙarewa. Sai an wuce rabin hanya sannan ruwan ya tashi. Ɗalibin da ya ɗiga biyu ko uku ya rubuta cewa bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, amma rowar asid ce ta ja masa. Ga kuma wata: iskar tana narkewa a ruwa, lita ɗaya ta ruwa tana iya shanye fiye da rabin lita nata a zafin ɗaki. In kabonet ɗin kaɗan ne a cikin ruwa mai yawa, iskar za ta narke ba tare da ta nuna kanta ba, sai an ɗan ɗumama kwalbar. Shi ya sa gwada garin kansa ya fi gwada ruwansa. Giram 100 na kalsiyam kabonet yana ba da giram 44 na iskar, kimanin lita 24, wato giram ɗaya tak zai ba da abin da ya kai mililita 240. Ɗan abin da bakin cokali ya ɗauko ya isa.

Zaɓin asid ma ba a yin sa da ka. Sirkakken asid ake so, wanda aka sirka da ruwa, kuma yawanci asid ɗin haidrokulorik ne, HCl, ko na naitirik, HNO₃. Wanda ya ɗauki asid ɗin salfa, H₂SO₄, ya zuba a kan gutsuren dutsen kalsiyam kabonet, zai ga kumfa ta taso da ƙarfi, can kuma ta mutu alhali ga dutsen nan zaune. Kalsiyam salfet ne ya samu, ba ya narkewa sosai, sai ya lulluɓe dutsen ya hana asid isa gare shi. Haka HCl ke yi da kabonet na darma, domin kulorayid ɗin darma ba ya narkewa a ruwan sanyi. Asid ɗin naitirik ne ba shi da wannan matsala, tunda kowane naitiret yana narkewa. Masu binciken duwatsu sun san irin wannan jan ƙafa. Sukan yi yawo da 'yar kwalbar sirkakken HCl a aljihu, in sun ɗiga a kan dutsen kalsait, wato kalsiyam kabonet, ya tafarfasa nan take, amma dolomait, wanda shi ma kabonet ne, sai an kankare shi ya zama gari kafin a ga kumfar kirki.

To, kumfa ta fito. Me ta tabbatar? Iska ta fita, shi ke nan. Garin zinki ko magniziyam yana kumfa da asid, amma haidrojin yake fitarwa. Salfayid yana fitar da iska mai ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai. Naitirait yana fitar da hayaƙi mai ruwan ƙasa. Waɗannan hanci da ido suna kama su. Akwai kuma gwajin da ɗalibai ke ƙauna, na saka tsinke mai wuta a bakin kwalba a ga ya mutu. Ni dai ban ga dalilin da za a ci gaba da ba shi muhimmanci ba, domin naitirojin ma yana kashe wuta, tururin ruwa ma haka. Takardar litmos mai shuɗi da aka jiƙa takan koma ja-ja, ba ja sosai ba, wannan yana nuna iskar tana da ɗan tsami, amma bai kama sunanta ba.

Mai kama sunan shi ne ruwan laim, wato tataccen ruwan kalsiyam haidroksaid. Ana toshe bakin kwalbar gwaji, a bi da iskar ta siririn bututu zuwa cikin wata kwalbar da ke da wannan ruwa. Ruwan da yake garau sai ya fara dusashewa daga inda kumfar ke fashewa, ya yi fari kamar an ɗiga madara:

Ca(OH)₂ + CO₂ → CaCO₃ + H₂O

A duba abin da ya samu da kyau. Farin nan kalsiyam kabonet ne. Ayon ɗin da asid ya rusa a kwalba ta farko shi ne ya sake ginuwa a ta biyu, a siffar da ido zai gani. Wannan dabara ta girmi makarantun boko na ƙasashenmu nesa ba kusa ba. Joseph Black, likita kuma masanin sinadarai na Sukotland, shi ya yi aiki a kanta a wajejen 1754 zuwa 1756. Ya auna kabonet na magniziyam, ya ƙona shi, ya ga nauyinsa ya ragu, ya kuma gano cewa iskar da wuta ta kora ita ce asid ke kora. Da ruwan laim ya nuna cewa iskar nan ce ke fita daga numfashin mutum da garwashin gawayi. Sikeli ne makaminsa, ba kallon kumfa ba.

Ruwan laim yana da rauni, kuma rauninsa ne ke rikita mutane. Kalsiyam haidroksaid ba ya narkewa sosai, bai kai giram biyu a lita ba. Saboda haka abin da ke cikin 'yar kwalbar gwaji kaɗan ne ƙwarai, iska kaɗan ce ke cinye shi. In aka ci gaba da turo iskar, farin sai ya fara washewa, ruwan ya koma garau:

CaCO₃ + CO₂ + H₂O → Ca(HCO₃)₂

Kabonet ya koma baikabonet, shi kuwa yana narkewa. Ka ɗauki ɗalibin da ya haɗa kayansa, ya sunkuya yana ja wa teburin amsa layi da rula, ya ɗago ya tarar da ruwa garau. Farin ya zo ya wuce yana sunkuye. Zai rubuta babu kabonet, alhali abin da ya faru a kwalbarsa hujja ce da ta fi ta farko ƙarfi. Da zai ɗora ruwan a wuta ya tafasa, farin zai dawo. Wannan kaiwa da komowa ita ce ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa: ruwan sama mai ɗauke da kabon dayoksaid yana narkar da dutse a hankali, ya shiga rijiya, ya hana sabulu kumfa, in aka tafasa shi kuma ya bar farin ɓawo a gindin butar shayi.

Akwai kuma matsalar ajiya, wadda ta fi addabar makarantun da ba sa shiga ɗakin gwaji sai jarrabawa ta ƙarato. Iskar da muke shaƙa tana da kabon dayoksaid, kimanin kashi 0.04 cikin ɗari. Kaɗan ne, amma in aka bar kwalbar ruwan laim ba a rufe da kyau ba, wata da watanni, sai ya yi ɓawo a sama, ƙarfinsa ya tafi, ya zama ruwan banza mai lakabi a jiki. Gane lafiyarsa ba wuya. A zuba kaɗan, a hura masa numfashi ta tsinken shan lemo. Numfashin da mutum ke fitarwa yana da kusan kashi 4 cikin ɗari na iskar, ninki ɗari na abin da ya shaƙa. In bai yi fari ba, a zubar a haɗa sabo. Kada kuma a cika wuta a ƙarƙashin kwalbar farko, domin tururin HCl yana iya bin bututu ya narkar da farin, kuma in an gama a zare bututu daga ruwan laim kafin a janye wuta, in ba haka ba ruwan sanyi ya tsotso baya ya fasa kwalba mai zafi.

Ko da ruwan laim ya yi fari, saura ƙiris. Akwai wani ayon, salfait, SO₃²⁻, wanda ke kwaikwayon kabonet kusan a komai. Da asid yana fitar da iska, wato salfa dayoksaid, ita ma tana mai da ruwan laim fari, in ta yi yawa ta sake washe shi. Kama da wane ba wane ba ne. Bambanci na farko wari: kabon dayoksaid ba ta da wari, ita kuwa salfa dayoksaid tana shaƙe maƙogwaro, irin warin da ke tashi in an ƙyasta ashana. Ba a cusa hanci a bakin kwalba, da hannu ake kaɗo iskar, mai asma kuma ya ja baya. Na biyu, wanda ya fi tabbas, launi ne. Takardar da aka jiƙa da fotasiyam daikuromet mai asid tana sauyawa daga ruwan goro zuwa kore in salfa dayoksaid ta taɓa ta, ruwan famanganet kuma yana rasa launinsa na shunayya. Kabon dayoksaid ba ta yin ko ɗaya, saboda kabon ɗin da ke cikinta ya riga ya ƙoshi da oksijin, ba shi da ilektiron da zai bayar. Shi ya sa masu gyaran jarrabawa ke neman a rubuta cewa iskar ba ta da launi, ba ta da wari, ta mai da ruwan laim fari. Maganar rashin wari ba ado ba ce, ita ce ta kori salfait. In kuwa duka biyun suna cikin gari ɗaya, sai a fara bi da iskar ta cikin famanganet ya shanye salfa dayoksaid, abin da ya rage ya wuce zuwa ruwan laim.

Sai ɗan'uwa na jini, baikabonet. A nan ne gizo ke saƙar. Tunda kabonet sai ya bi ta baikabonet kafin ya zama iska, gwajin asid da ruwan laim ba zai taɓa raba su ba. Duk wanda ya tsaya a nan, abin da ya halatta ya rubuta a gurbin hukunci shi ne CO₃²⁻ ko HCO₃⁻. Rubuta ɗaya kaɗai shaidar abin da ba a gani ba ne, ko da an dace.

Hanyar raba su da aka fi koyarwa ita ce ta magniziyam salfet. A narkar da garin a ruwan sanyi, a zuba ruwan MgSO₄. Kabonet yana ba da farin gari nan take. Baikabonet ba ya ba da komai, sai an tafasa, domin zafi yana kore masa iska ya mai da shi kabonet. Daga nan za a gane dalilin cewa ruwan sanyi: wanda ya narkar da garinsa a ruwan zafi don ya yi sauri, ya sauya abin da aka ba shi kafin ya gwada. Hanya ta biyu finolftalin, sinadarin da ke sauya launi gwargwadon pH, wato ma'aunin tsami ko rashinsa. Ruwan sodiyam kabonet yana da pH sama da 11, yana ba da launin ruwan hoda mai kauri. Na baikabonet yana wajejen 8.3, daidai bakin inda finolftalin ke fara sauyawa, don haka launin dishi-dishi ne. Ta uku wuta. Busasshen sodiyam baikabonet yana rushewa da ɗan zafi, ya fitar da iska, raɓa ta kwanta a saman kwalbar, shi kuwa sodiyam kabonet harshen wutar ɗakin gwaji ba ya rusa shi.

Tunda an zo kan wuta, ita ma tana tona asirin ƙarfen da ke tare da kabonet. Na jan ƙarfe kore ne, ya ƙone ya koma baƙi. Na zinki fari ne, yana zama rawaya da zafi, ya koma fari in ya huce. Na kalsiyam sai zafi ya kai wajen digiri 900, aikin murhun kamfanin siminti ke nan.

Abin da na fi so malamai su daɗe a kansa shi ne yadda kabonet ke shiga sharo ba shanu a gwajin wasu ayon. Ana gwada salfet, SO₄²⁻, da bariyam kulorayid, farin gari ya fito. Amma kabonet ma yana ba da farin gari da bariyam, salfait ma haka. Ana gwada kulorayid da azurfa naitiret, nan ma kabonet yana ba da nasa garin. Saboda haka aka tsara gwaje-gwajen a jere: kabonet tukuna, sannan salfet, sannan kulorayid da 'yan'uwansa. Asid ɗin da ake zubawa kafin bariyam ko azurfa ba al'ada ba ce kawai, aikinsa ya kore kabonet daga fili. Kuma dole a lura da wanda aka ɗauka. Wanda ya zuba HCl kafin gwajin kulorayid, shi da hannunsa ya zuba abin da yake nema. Wanda ya zuba H₂SO₄ kafin gwajin salfet ma haka. A jarrabawa sau da yawa juya tsarin ake yi: bariyam da farko, farin gari ya fito, sannan a ce a ƙara HCl fiye da kima. In garin ya tsaya daram, salfet ne. In ya narke, kabonet ne ko salfait, sai iskar da ta fito ta raba gardama.

Bambancin nan na narkewa a asid ya wuce wasan ɗakin gwaji. Bariyam guba ne, amma a asibiti ana ba marar lafiya bariyam salfet ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, saboda asid ɗin ciki ba ya narkar da shi, yana wucewa yadda ya shiga. Bariyam kabonet kuwa asid ɗin ciki yana narkar da shi, har an yi amfani da shi a matsayin maganin ɓera. Dukansu fararen gari ne, ido ba ya raba su.

Makarantar da ba ta da kayan aiki da yawa tana iya koyar da mafi yawan wannan da abin da ke kasuwa. Duk matar da ta taɓa jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ko tumatir don ta kashe tsami ta ga tukunyar ta taso da kumfa, wannan shi ne matakin farko na gwajin, asid ɗin ganye da kabonet na kanwa. Ruwan lemun tsami a kan dakakken ɓawon ƙwai zai ba da iskar da za ta mai da ruwan laim fari. Allin rubutu ne kawai ba a dogara da shi, domin da yawa daga allin da ake sayarwa yanzu da jifsam ake yin sa, wato kalsiyam salfet, ka zuba masa asid ya yi maka shiru.

Kanwa ita ce samfurin da ya fi kowanne horar da ɗalibi, saboda ba tsarkakakken sinadari ba ce. Wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga da Dallol Bosso yawanci tirona ce, wato sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet a dunƙule ɗaya, sau da yawa tare da gishiri da salfet da yashi, gwargwadon inda aka samo ta. A narkar da ita a ruwan sanyi, a tace yashin. Asid zai ba da kumfa, ruwan laim ya yi fari, amma hukunci bai wuce kabonet ko baikabonet ba. Magniziyam salfet zai ba da farin gari nan take, kabonet ya tabbata. To baikabonet fa, tunda farin kabonet ya rufe fili? Sai a ɗebi wani kason, a zuba kalsiyam kulorayid har kabonet ya gama kwantawa, a tace da sauri, a ɗiga ruwan amoniya a cikin tataccen. Amoniya tana ƙwace haidrojin ɗin baikabonet ta mai da shi kabonet, sabon farin gari ya sake bayyana. Kason na uku kuma a zuba masa asid ɗin naitirik har kumfa ta daina gaba ɗaya, a raba shi biyu, rabi a gwada da bariyam, rabi da azurfa naitiret. In aka saka ajin ya kasu rukuni-rukuni, wasu da farar kanwa, wasu da jar kanwa, wasu da ungurnu, kaurin garin da za su samu a kwalaben ƙarshe zai sha bamban, kuma kowane rukuni sai ya kare abin da ya rubuta da abin da kwalbarsa ta nuna.